Wa ya tarar da noman gandu a gidansu?

Autan Malam:
Salamu alaikum. Jiya muna rushe tsohon rumbun Kaka a ƙauyenmu, gefen Bichi, na tsinci fartanyarsa, ƙotar har ta yi santsi don riƙo. Baba ya ce da ita aka nome gyaɗar da aka biya masa sadaki, tun ana tara dalar gyaɗa a Kano. Maza bakwai a gandu ɗaya, sai ran Juma'a kowa ya leƙa gayaunarsa. Yau an raba gonar, rabona ko dami ashirin ba ya kawowa. Ku fa?

Goggon Yara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Farin 1973 ne ya watsa namu gandun a Maraɗi. Shanun huɗa biyu suka mutu, har dusa muka tuƙa. Yayana ya tafi cin rani Legas, can ya zauna.

Manomin Funtuwa:
Allah sarki, Goggo. Mu auduga ce. Kaka bai taɓa sayen taki ba, Fulani ke kwana da shanu a gonar bayan girbi, ya sallame su da dawa.

Autan Malam:
Fartanyar dai na rataye ta a zaure, Baba ya hana a kai wa maƙeri.