Yaya ake gane bakteriyar ƙasa da ke girma a ginin da ruwa ya lalata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani gini ya daɗe yana yoyo, kuma ko bayan an bushar da shi ana jin ƙamshi irin na ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, alhali ba a ga fumfuna a bango ba. An ce mini wasu bakteriya na ƙasa ne ke kawo haka. Ta wace hanya ake tabbatar da su?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawanci Streptomyces ne, daga dangin actinomycetes, kuma ƙamshin da kake ji na wani sinadari ne da suke fitarwa mai suna geosmin. Amma ƙamshi ba hujja ba ne, domin wasu nau'o'in fumfuna ma suna fitar da shi. Sai a yanko samfur daga filasta, katako ko silin da ya jiƙe, a shuka shi a kan abincin bakteriya da aka sa wa maganin hana fumfuna tsirowa, a ajiye a zafi kusan digiri 25 na ma'aunin Celsius har kwana 14. Wannan haƙurin ya zama dole, domin suna girma a hankali, kuma wanda ya duba bayan kwana biyu zai ɗauka babu kome. Idan suka fito, za ka gan su busassu kamar garin alli, sun manne wa abincin sosai. A madubin ƙara girma kuma suna da zare-zare masu rassa, sirara ƙwarai fiye da na fumfuna, suna riƙe launin shuɗi-shuɗi a rinin Gram, wato rinin da ake bambance nau'o'in bakteriya da shi. Sanin ainihin jinsin sai an karanta wani sashe na ƙwayar halittarsu da ake kira 16S rRNA.

Malamar kimiyyar muhalli: Zan ƙara abu guda da nake ganin ya fi muhimmanci. Waɗannan halittu suna cikin kowace ƙasa, takalmi da iska suna shigo da su kullum, saboda haka samun su a ƙurar daɓe, ko a abin da ke taɓa ƙasa kai tsaye, ba ya nuna suna girma a ginin. A ɗauki samfur na biyu daga busasshen bango a kwatanta. Suna buƙatar danshi mai yawa da ya daɗe, shi ya sa a Finland ake lissafa su cikin alamomin lalacewar gini ta ruwa.

Mai tambaya: Na gode, Malama. Shin akwai haɗari ga mazauna?

Malamar kimiyyar muhalli: Ƙwayoyinsu ƙanana ne, kusan maikiromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), suna iya isa can cikin huhu. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta danganta zama a gini mai danshi da tari da tsanantar asma. Kada ka jira sakamakon gwaji kafin ka toshe yoyon, kuma wanda zai cire kayan da suka jiƙe ya rufe hanci da baki.