Ƙanina kafinta ne yana so ya tafi poly, Building Technology zai cike ko me?

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar gini da waɗanda suka yi poly shawara nake nema. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya gama sakandare bara, amma tun yana JSS yake zuwa shagon wani kafinta a unguwarmu in an tashi daga makaranta, yanzu haka gado, wadrob, ƙofa duk yana haɗawa, har rufin kwano yana bin maigidansa suna yi, kuma alhamdulillahi baya tambayar kowa kuɗin sabulu. To yanzu ya kafe shi sai ya yi karatu a kan sana'ar, wai Building Technology zai cike a JAMB. Baba yace me zai je ya koyo bayan ya riga ya iya, ni kuma ina ganin yaron yana da ƙwaƙwalwa kar a danne shi, amma kuma ni zan biya kuɗin makarantar shi yasa bana so a yi asara. Shin a kwas ɗin nan ana koyar da kafinta sosai, ko akwai wani da ya fi dacewa da shi? Yana da kiredit a lissafi da turanci da Chemistry, Physics ce ta ba shi matsala.

Magini HND:

Wa alaikumus salam. Malam abu na farko da zan faɗa maka tun kafin ku sayi fom, Building Technology ba kwas ɗin kafinta bane, kar ya shiga da tunanin kullum zarto da guduma zai riƙe. Ni shi na yi, ND shekara 2, na fita IT, wato koyon aiki a fili, na shekara 1, na dawo HND shekara 2. Akwai wokshof na katako da na ɗora bulo musamman a ND 1, za a nuna muku yadda ake haɗa gaɓar katako da yadda ake jera bulo, amma gaskiya abin da ƙaninka ya iya a shago ya wuce wannan nesa, shi zai riƙa koya wa 'yan ajinsu ma. Abin da zai samu a can wanda babu shi a shago shine karanta zane, fitar da gini a fili daga takarda, sabiya, lissafin nauyin da bim da ginshiƙi za su ɗauka, da kuma ƙiyasin kaya, wato a ba ka zanen gida mai ɗaki uku ka zauna ka fitar da bulo nawa, siminti buhu nawa, rodi mai kaurin milimita 12 tan nawa, katako 2 by 4 guda nawa, tun ba a haƙa fandisho ba. Wannan shine kuɗin, wallahi duk wanda ya iya shi ba ya zama yaron wani a sayit.

Misali kankare da ake cewa 1:2:4, kowane lebura ya san buhu ɗaya na siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, sai yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, amma tambaye shi me yasa ba a son a cika ruwa, ko me yasa ake cewa sai kwana 28 kankare yake kai ƙarfinsa, sai ya ce haka ya taso ya gani. Shi yasa zaka ga an zuba dakin, wato rufin kankare, yau, bayan sati ɗaya kafinta ya zo yana ɓalle katakon ƙasa saboda yana da wani aiki da zai kai su, mai gida kuma yana tsaye yana kallo.

Maganar Physics kuma ba wasa, ba za su ɗauke shi ba sai da ita, ya sake zama NECO ko WAEC ta waje. Kaduna Poly suna yin kwas ɗin, haka poly da yawa a arewa, amma ko wacce zai zaɓa ya fara tabbatarwa NBTE, hukumar da ke kula da poly, ta amince da kwas ɗin a makarantar, hedikwatarsu ma a Kaduna take. In ya gama HND yana da bautar ƙasa, kuma daga nan zai iya bin hanyar NIOB, ƙungiyar magina ta ƙasa, da CORBON, hukumar da ke yi wa magina rijista, ya zama magini mai rijista.

Kafintan Na'ibawa:

Abban Hanifa ka gaida Baba, ka ce masa maganarsa akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Ni tun ana rufin azara ana komawa kwano nake sana'ar nan, kuma yaran poly suna zuwa mana koyon aikin nan na wata huɗu da ake kira SIWES, wasu wallahi ko ƙusa uku a jere ba za su buga ba tare da ɗaya ta lanƙwashe ba, sai dai logbuk a hammata suna jiran a sa musu hannu. Ba a allo ake gane ɗanyen katako ba, sai ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka sa zarto ka ga garin yana fitowa a dunƙule yana manne wa haƙora, irin wannan in ka yi ƙofa da shi a damina to hunturu na shigowa zata buɗe baki ta karkace, mai gida ya zo yana maka faɗa. Haka rufi, in ba a shafe katakon da maganin gara ba, ko aka yi ƙwauron ƙusa da langalangar ɗaure shi da bulo, iskar farkon damina ɗaya ta isa ta kwashe shi ta kai gidan maƙwabta. Wannan duk a hannu ake koyonsa.

Amma fa ɗana, zamani ya canja. Yanzu in kamfani ya samu aikin estet a Abuja, ko gwamnati zata ba da aikin kujerun makaranta, takarda ake fara tambaya. Mai takarda ya karɓi aikin ya kawo mana, mu sha rana mu yi, shi ya ɗauki mai tsoka. Kuma zanen rufin gidajen yanzu mai kusurwa barkatai ba kowa ke iya karanta shi ba a cikinmu, sai an zo an fassara mana. Saboda haka ni dai ra'ayina ya tafi, amma da sharaɗi kar ya ajiye guduma, Asabar da Lahadi da hutu yana shago. In ya bar hannunsa ya mutu shekara biyar to ya yi biyu babu.

Malam Tekanikal:

Ina ƙara wa kan abin da Magini yace. Tunda katako ne a ransa, akwai hanyar da ba a cika ambata ba, kwalejojin ilimi na fasaha, irin FCE Technical Bichi, da ta Gombe, da ta Potiskum. Ana yin NCE shekara 3 a ɓangaren koyar da sana'a, kuma mutum yana iya karkata ga aikin katako ko gini, a nan zai fi samun lokacin wokshof da injina. Sai dai ku sani NCE malami take fitarwa, akwai darussan koyarwa da zuwa tichin faraktis, kuma babu bautar ƙasa sai ya ɗora digiri. In yaron baya sha'awar tsayawa gaban allo to a yi tunani.

Na biyu, ko bai shiga ko'ina ba bana, yana iya samun shaidar abin da ya riga ya iya. NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i wadda aka kafa a 1992, tana da jarrabawar NTC, wato shaidar fasaha ta ƙasa, a Carpentry and Joinery da kuma Furniture Making, kuma akwai ta Nuwamba/Disamba da 'yan waje suke zama, ana haɗawa da turanci da lissafi da kimiyya, poly suna karɓarta wajen shiga. Sai Trade Test na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ana farawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1. Sai kuma tsarin NSQ na NBTE, wanda ake zuwa a gwada mutum a kan aikin hannunsa a ba shi mataki ko da a shago ya koya, masu sana'ar Panteka a Kaduna sun shiga irin wannan. Abin da ke ban takaici shine a garuruwanmu ana ganin makarantar tekanikal ta wanda ya kasa ce, sai yaro mai hannu a tura shi karatun da zai gama ya zo yana yawo da fayil.

Ɗan Sabon Gari:

Ni fa duk wannan dogon turancin ban gane masa ba, kuɗin kafinta yanzu yana MDF da HDF ne, allunan nan na garin katako da ake matsewa a kamfani, kicin kabinet, wadrob na bango, gadajen amare. Ku haɗa kuɗin makarantar ku sa shi a wajen masu injin yanka da na liƙa baki ya yi shekara ɗaya, ya iya ɗaukar hoto mai kyau ya sa a Instagram da TikTok, shikenan. 'Yan Kwatano da 'yan Togo da suka kama aikin POP da tayil a Abuja wace poly suka yi?

Magini HND:

Ɗan Sabon Gari ai ƙasashen nasu koyon sana'a ba irin namu bane na yau ka zo gobe ka buɗe shago, shekaru suke yi a hannun maigida kafin a yaye su. Kuma tambayi wa yake ba su aikin a sayit, wa yake auna abin da suka yi kafin a biya su.

Abban Hanifa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Kafinta saƙonka zai isa insha Allah. Na karanta masa duka, yace shi gini gaba ɗaya yake so ya iya ba kujera kawai ba, kuma koyarwa bata cikin ransa, don haka poly ɗin dai. Yanzu tambayata, ya zauna NABTEB ɗin ne ya samu Physics a can ko NECO ta waje ta fi sauƙi, kuma ana haɗa sakamako biyu?

Malam Tekanikal:

Yawancin poly suna karɓar zama biyu, amma ya duba ƙa'idar makarantar da ya zaɓa a burosha ta JAMB kafin ya biya ko sisi, musamman in zai haɗa NABTEB da WAEC. Tunda Physics kaɗai yake nema ni NECO ta waje zan ce, ya samu malamin lesin na yamma daga yanzu. Trade Test kuma ya je ofishin ƙwadago na jiharku ya tambayi lokacin da ake yi, ya tafi da hoton fasfo da takarda daga maigidansa mai nuna shekarun da ya yi a shago.