Wane irin littattafan ilimi zan zaɓa wa laburaren firamare, musamman don yaran da ba sa son karatu?

MalamarAjiHuɗu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar laburare. An ɗora min alhakin zaɓo littattafan da za a zuba a ɗan laburaren makarantarmu ta firamare, kuma abin da muke da shi yanzu kusan duk tatsuniyoyi ne da ƙagaggun labarai, sai wasu tsofaffin littattafan kimiyya da aka ba mu kyauta waɗanda ko buɗe su ba a yi. Ni damuwata yaran nan ne da ba sa son karatu, 'yan aji uku zuwa biyar, in lokacin laburare ya yi sai ka ga yaro ya ɗauki littafi ya buɗe tsakiya ya kifa kai a kai har a kaɗa ƙararrawa, amma yaron nan in ka taɓo masa zancen macizai ko jirgin sama sai ka ce masa ya isa haka. Shi ne nake tunanin in karkata kuɗin wajen littattafan ilimi, irin na dabbobi da sararin samaniya da tarihin mutane da yadda injuna ke aiki. Toh amma ta ina zan fara, me ake dubawa kafin a saya? Kuma ba zan ƙara nisanta su da karatu ba in na cika musu wuri da abin da ya yi kama da littafin aji? Kuɗin ba yawa, ba na son su tafi a banza.

MaiKulaDaLaburare:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka, kin kama hanya wallahi. Yaron da ya iya zuba zancen macizai ba ƙin sani yake ba, littafin da ke ɗauke da abin da yake son sani ne bai taɓa zuwa hannunsa ba. Kuma ba makarantarku kaɗai ba ce, akwai wata mai bincike a Amurka, Nell Duke, a 2000 ta fitar da sakamakon bibiyar da ta yi wa azuzuwan 'yan aji ɗaya, ta tarar abin da yara ke samu tare da rubutun bayani bai wuce minti 3.6 a rana ba, a makarantun 'ya'yan talakawa ma ya gaza haka. Sai yaro ya zo aji huɗu a ce ya karanta don ya fahimci kimiyya da tarihi alhali bai saba da irin rubutun ba sam.

Abu na farko kar ki fara da katalog ɗin masu sayarwa, ki fara da yaran. Ki ba kowa 'yar takarda ya rubuta ko ya zana abin da yake son sani, za ki sha mamaki, wani zai ce me ya sa jirgin ruwa ba ya nutsewa, wata ta ce yaya ake haɗa kashi in ya karye. Da wannan takardun za ki je sayayya.

Sannan in da hali kar ki sayi littafin da ba ki riƙe a hannu ba. Ki buɗe tsakiya, ba shafin farko ba, ki duba: hoton yana bayyana abin da rubutun ke faɗa ne ko ado ne kawai, akwai ɗan bayani a ƙarƙashin kowane hoto, rubutun manya ne da tazara tsakanin layuka, an raba shi da ƙananan kanu yadda yaro zai iya karanta shafi biyu ya tashi da wani abu cikakke a kansa. Ki juya baya ki ga ko akwai jerin ma'anar kalmomi da fihirisa (jerin batutuwa da lambar shafin kowanne), ki ga ko marubucin ya faɗi inda ya samo bayanansa. Mai kyau in zai ce miki babban kifin nan whale mai ruwan shuɗi yana kai mita 30, zai zana mutum a gefensa ɗan mitsitsi, nan take yaro ya gane girman ba sai an yi masa dogon turanci ba.

Shekarar bugu kuma ki kula da ita sosai a kimiyya da taswira. Ni ga gwajina mai sauƙi, in littafin sararin samaniya ne na duba Pluto, tun 2006 masana taurari suka cire ta daga jerin manyan duniyoyi, in har littafin yana cewa tara ne ba takwas ba toh ya tsufa. In na taswira ne na nemi Sudan ta Kudu, 2011 ta samu 'yanci, ko na duba ko an sa Eswatini maimakon Swaziland wanda aka canza a 2018. Kuma ki ja bangon ki ga ɗinkin, littafin da yara suka so shi ne ke fara yagewa.

WaniUba:

Malama ni ba malami ba ne, uba ne, amma bari in sa baki. Ɗana duk gidan an yanke masa hukuncin ba ya son karatu, sai ga shi ya samu littafin nan na Guinness World Records, mai tattara abubuwan da suka fi komai a duniya, wajen abokinsa, yaron da ba ya iya zama da littafi ya kwana yana bin mu ɗaki ɗaki, Baba ka san dabbar da ta fi kowacce gudu, Baba ka san mutumin da ya fi kowa tsawo, yana nuna layin da yatsa yana haɗa kalmomin da kyar amma bai ajiye ba. Abin da ya ɓata min rai da ya kai makaranta aka ce masa wannan ba karatu ba ne kallon hoto ne, ya je ya ɗauko littafin kirki. Daga ranar ya koma gidan jiya. Dan Allah in kin sayo kar a riƙa raina abin da yaro ya ɗauka, kuma kar a ce dole ya fara daga shafi na ɗaya zuwa ƙarshe ko ya rubuto taƙaitawa duk lokacin da ya aro, irin waɗannan littattafan tsalle ake yi a cikinsu, mu manya ma haka muke karanta su. Ki sa na ƙwallo da na motoci da na yadda ake ƙera abu da hannu, kar ki ji kunyar su.

MalaminKoyonKaratu:

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa amma akwai inda zan ɗan ja birki. Ba duk yaron da ya kifa kai a kan littafi ne ke ƙin karatu ba, wani bai iya ba ne kuma kunya ta hana shi faɗa, gara a ce masa malalaci da a ce masa daƙiƙi a gaban abokai. Irin wannan ko kin kawo masa littafin macizai mafi kyau a duniya hoto zai kalla ya rufe. Ki zauna da shi shi kaɗai ya karanta miki shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa, in yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, in kuma yana ta fama da haɗa haruffa ko yana matso da littafin kusa da ido toh maganar ta wuce laburare, a duba idonsa a kuma nema masa taimako na musamman.

Abin da irin yaran nan ke buƙata shi ne littafin da batunsa na manyan yara ne amma kalmominsa masu sauƙi, don ɗan shekara goma ba zai yarda a gan shi da littafin 'yan nasare ba ko da shi ne daidai karatunsa. Ki nemi batu ɗaya a matakai biyu ko uku, misali aman wuta na dutse, mai sauƙi da matsakaici da mai zurfi, duk a jere a kanta ɗaya ba tare da an manna musu alamar aji a bango ba, kowa ya ɗauki nasa ba wanda ya san na wani.

Kuma ɗan gyara ga Mai kula da laburare, yawan hoto ba kullum ne alheri ba. Akwai littattafan da shafi ɗaya za ki ga akwatuna bakwai, kibiyoyi ko ta ina, rubutu a kan hoto mai duhu, mai ƙarfin karatu zai ji daɗi amma mai rauni bai ma san inda zai sa ido ba. A haɗa da masu shafi a sarari, hoto ɗaya babba da layi uku ko huɗu.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan a bi abin da yaro ya riga ya sani, a 1988 wasu masu bincike biyu, Recht da Leslie, sun ba ɗalibai wani rubutu kan wasan baseball, ƙwallon da ake bugawa da sanda a Amurka, sai masu raunin karatu da suka san wasan suka fi masu ƙarfin karatu da ba su san shi ba fahimta da tunawa. Kin ga yaronki mai macizai in ya buɗe littafin macizai rabin aikin ya riga ya yi, sanin da ke kansa zai ja shi ya haye kalmomin da za su tsayar da shi a wani littafin. Sai dai kar a watsar da labarai gaba ɗaya, tarihin rayuwar mutane shi ne gadar, gaskiya ne kuma labari ne. Ki riƙa karanta musu shafi biyu da babbar murya ki tsaya daidai inda ya yi daɗi ki ajiye littafin a tebur, ki ga wa zai riga ɗauka.

MalamarAjiHuɗu:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, zancen matakai uku a batu ɗaya ya shige ni sosai. Saura tambaya ɗaya, tsofaffin nan da aka ba mu kyauta fa, in bar su ne don kantocin su cika? Shugabanmu ba ya son ganin kanta wayam. Kuma yaya zan jera sababbin yadda yara za su samu da kansu?

MaiKulaDaLaburare:

Gyaran Malam ya karɓu, gaskiya ne. Malama ki cire su, duk wanda bayaninsa ya tsufa ko ya yage ko ya fi ƙarfin 'yan firamare ba ya da wuri a nan, yaro in ya ja uku a jere ya ga duk ƙura da ƙananan rubutu ba zai ja na huɗu ba, ga shi kuma zai haddace abin da ba daidai ba ya kai jarrabawa. Ki nuna wa shugaban naku shafin Pluto ɗin da idonsa, ya fi dogon bayani. Gurbin da ya rage ki tsayar da sababbin suna fuskantar waje bango na kallon yara, kanta za ta cika kuma an fi ɗaukar littafin da aka ga fuskarsa.

Jeri kuwa tsarin Dewey na ba kowane fanni lambarsa, da ake amfani da shi tun 1876, ya isa, ba sai kin shiga ƙananan lambobi ba, 500 kimiyya, 590 dabbobi, 600 fasaha da lafiyar jiki, 790 wasanni, 900 tarihi da ƙasashe, ki manna hoto a gefen kowace lamba saboda waɗanda ba su gama iya karatu ba, a sa a kantar da hannunsu ke kaiwa. In harshen da yaran ke ji a gida daban ne da na makaranta ki nemi wasu a harshen gidan, StoryWeaver da African Storybook suna da littattafan yara kyauta a intanet cikin harsuna da yawa har da na ilimi, ana iya saukewa a buga, sai dai ki karanta kowanne da kanki tukuna don ingancin fassarar ba ɗaya ba ne. Kuma kar ki kashe kuɗin duka a tashi ɗaya, ki rage wani abu, ki ajiye littafin rajistar aro ki ga waɗanda ake layi a kansu zuwa ƙarshen zango, sai ki ƙaro irinsu.