Neman shawara: fim ɗina kan gidajen zamani na Yamai ya cije

Ɗan Yantala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa dokumentari na minti 30 kan gidaje goma a Yamai, daga tsofaffin gidajen unguwar Filato zuwa Niamey 2000, gidaje shida na bulon ƙasa da Mariam Kamara da abokan aikinta suka zana, aka gama a 2016. Tun ina makaranta nake son aikin nan, kuɗin ma na aljihuna ne, kamarar kuma aro ce, ƙarshen Afrilu zan mayar. Gwajin da na yi bai yi ba: bango yana karkacewa, taga ta zama fari fat, fitila tana rawa a hoto, kamara tana mutuwa da rana. Masu gida biyu kuma sun janye. Ina da gimbal (mariƙin da ke hana kamara girgiza in ana tafiya da ita) da duron (ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kamara). Don Allah ta ina zan kama?

Malam Mai Lens: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye gimbal ɗin nan. Gini ba ya gudu. Ɗora kamara kan ƙafa uku, tsayin kamar mita 1.2, ka daidaita ta da ma'aunin ruwa. Bango yana karkacewa ne saboda kana ɗaga bakin kamara sama. Ja da baya, ka ɗauka da faɗi a 4K, ka yanke ƙasan a wurin editin. Kada lens (gilashin bakin kamara) ya sauka ƙasa da 20mm a cikin ɗaki, in ba haka ba falo zai fito kamar filin ƙwallo, mai zanen gidan ma ba zai gane aikinsa ba. Rawar fitila kuwa, wutarmu 50 Hz ce, sai ka sa firem 25 (hoto 25 a daƙiƙa), shota 1/50 na daƙiƙa (lokacin da haske ke shiga kowane hoto). Taga: ka ɗauki ciki daga fitowar rana zuwa ƙarfe takwas, ko bayan la'asar sakaliya, ka auna haske a kan tagar, ka kashe fitilun ɗaki don launi kada ya gauraya. Kowane shot ka bar shi daƙiƙa 15 ba motsi. Kuma gida goma a minti 30 talla ce. Ka ɗauki uku.

Ɗan Yantala: Na gode Malam, amma goma na riga na rubuta. Gimbal kuma shi ke sa mai kallo ya ji kamar yana zagaya gidan.

Hajiya Edita: A nan ina bayan yaron, Malam. Gida irin Niamey 2000 mai bene ne, da tsakar gida da matakala, dole a ga yadda mutum ke bi daga ƙofa zuwa sama. Shot ɗaya mai tafiya a kowane gida ya isa, a bi bayan mai gidan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu ɗauka su kawo mana hoto mai kyau da sauti kamar a tasha. Ka kashe firij, fanka da janareta, ka maƙala makirufo a riga taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka naɗi shirun kowane ɗaki na minti guda. In kamara tana naɗar bidiyo a 100 Mbps, awa ɗaya tana cin kusan 45 GB, ka kwafe a faifai biyu kafin ka kwanta.

Baba Magini: Ɗana, me ka faɗa wa masu gidan da suka janye? Mutane tsoron ɓarayi suke. Ka kai takarda da ke cewa ba za a nuna ƙofar waje, lambar mota, sunan layi ko ɗakin kwana ba, kuma za su ga fim kafin ya fita. Cikin gida ka tura mace ta ɗauka. Sannan ku 'yan fim kullum mai zane kuke hira da shi, magini da ya buga bulon ba ku ko gaishe shi. Ka nuna yadda ake tankaɗe jar ƙasa, a ɗan sa siminti, a matse da inji, a rufe ta sha ruwa makonni kafin a ɗora.

Malam Mai Lens: Hira da magini wani fim ne daban. Labarin gidajen nan zafi ne. Ka sa ma'aunin zafi ɗaya a ɗakin bulon ƙasa, ɗaya a ɗakin siminti mai rufin kwano, ka ɗauke su ƙarfe uku na rana. Amma Afrilu zafi yana haura digiri 40, shi ya sa kamararka ke mutuwa. Laima, buɗe allon kamara daga jikinta, gajerun shot. Duron kuma kada ka tashe shi a Yamai ba takardar izinin hukuma a hannunka, za a ƙwace, kai ma a riƙe ka.

Hajiya Edita: Ni da zai ji, ya jira bayan damina, Oktoba, kafin hazo ya shigo ya wanke launin ƙasar.

Malam Mai Lens: In ya jira Oktoba ma'aunin zafin ba zai nuna bambancin da Afrilu zai nuna ba, Hajiya.

Ɗan Yantala: Oktoba ba kamara a hannuna. Duron ɗin ma shot biyu kawai nake so, da sassafe. Baba, ban kai musu takarda ba, ta waya muka yi magana. Akwai mai samfurin takardar da Faransanci ya turo mini?