Finci na yin ƙwai ba tsayawa, ba na son 'ya'yan gauraye

Assalamu alaikum. Ina da finci (wani ƙaramin tsuntsu ne) namiji irin zebra da mace irin Bengal a keji ɗaya, yana barbararta, ni kuwa ba na son 'ya'yan gauraye.

Na cire sheƙar, sai ta koma yin ƙwai a mazubin abinci. Ina kwashewa tana ƙarawa, ƙwai 11 cikin mako uku. Yanzu ɓawon ya yi laushi, tana yini a ƙasan keji gashi a tashe, ina tsoron ƙwai ya maƙale mata. Da na raba su, ta rage cin abinci.

Don Allah, in na sa mata ƙwan roba ta yi kwanci kwana 14, za ta daina zuba sabo?