Taƙaitawa: Masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan yadda ake zaɓen masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka da yadda suke aiki.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Talakawan gari ne, ana zaƙulo sunayensu da ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi. A kotun tarayya mutum 12 ke zama a shari'ar laifi.
2. Kafin a rantsar da su, alƙali da lauyoyi kan yi musu tambayoyi. Wanda aka ga yana da son zuciya sai a sallame shi. Lauya na iya cire wasu ƙalilan ba tare da faɗin dalili ba, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1986 an hana cire mutum saboda launin fatarsa.
3. Su ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Yawanci alƙali ke yanka horon.

Inda aka rabu: tun 2020, a duk jihohin Amurka, a babban laifi sai dukkansu sun amince kafin a kama mutum da laifi. Wasu sun ce kariya ce ga marar gata, wasu suka ce mai taurin kai ɗaya ya isa ya sa a sake shari'a. Masu ra'ayi na biyun sun fi son tsarin Ingila, inda 10 cikin 12 kan wadatar, kuma a ganina hujjarsu ba ta banza ba ce.