Waɗanda aka taɓa yi wa hoton MRI na hanji, ku zo ku ba ni labari

Ƙanwarku:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da aka tabbatar min da cutar Crohn, wato ciwon kumburin hanji mai daɗewa, bayan an leƙa hanjina da kyamara an tsakuro nama. Tun daga lokacin ina kan magani, yau sauƙi gobe ciwo. To yanzu wata uku ke nan da zarar na ci abinci sai cikina ya ɗaure ta gefen dama, ƙasa da cibiya, ya yi ta ƙugi, wani lokacin har da amai. Likitana ya ce kyamara ba ta isa wurin da yake zargi ba, ya rubuta min MRI na ƙaramin hanji, wato hoton cikin jiki da injin maganaɗisu ke ɗauka, ranar Laraba. Abin da takardar ta ce kawai shi ne kar in ci komai na awa shida, kuma in zo da wuri akwai ruwan da zan sha. Ni kuwa ina da tsoron matsattsen wuri, ko lif ba na shiga in akwai matakala. Don Allah wanda ya taɓa shiga injin nan ya faɗa min gaskiya, kar a ɓoye min komai.

Baban Tagwaye:

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Sau uku ina shiga. Bari in rage miki wani tsoron in ƙara miki wani: injin ba shi ne wahalar ba, ruwan nan ne.

Za a zaunar da ke a kawo miki jug cike da kofi, a nuna miki agogon bango. Ni lita ɗaya da rabi aka ba ni, aka ce in shanye cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Wani nau'in sukari ne a ciki da ake kira manitol, ɗan zaƙi-zaƙi mara armashi. Kofi na farko da na biyu sai ki ce ai wannan ba komai ba ne. Daga na biyar ne zance ke canzawa. Karona na farko na yi gaggawa don in huta, na kwankwaɗi rabi a tashi ɗaya, sai zuciyata ta fara tashi, sai da na gwammace kiɗa da karatu. A karo na biyu na raba shi, kofi ɗaya in tashi in ɗan zaga, in dawo in ƙara. Hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da takardarki ba ta faɗa miki ba: ruwan nan ba ya shiga jini sosai, yadda ya shiga haka zai fita. Zawo za ki yi, wataƙila tun kafin ki bar asibitin. Kar ki sa wata hidima a ranar, ki tafi da kayan canji, kuma ki gano inda banɗaki yake tun kina shiga.

Mai ɗakin hoto:

Ni ba marar lafiya ba ne, ni ne wanda ke zaune bayan gilashi yana ce muku “ja numfashi, riƙe”. Shekaruna da yawa a wannan aiki, don haka bari in faɗa muku dalilin wahalar da muke ba ku.

Hanjin da babu komai a cikinsa a lanƙwame yake, bangonsa ya manne da juna. In muka ɗauki hotonsa a haka, lafiyayyen wuri sai ya yi kama da mai kauri, mai ciwon kuma ya ɓuya. Ruwan nan shi ke buɗe hanjin har likitan hoto ya iya auna bango. Bangon da ya buɗe sosai bai kamata ya wuce milimita 3 ba. In ya wuce, sai a fara tambayar me ya sa. Kun ga ashe gardamar a kan 'yan milimitoci ake yin ta, shi ya sa wanda ya sha rabin ruwa ya ɓoye mana kansa ya cuta.

Sai allura biyu. Ta farko Buscopan ce, ko gulukagon ga wanda Buscopan ba ta dace da shi ba. Hanji ba ya daina motsi, kuma hoton abu mai motsi dishi-dishi yake fita, to wannan allurar ke kwantar da shi na ɗan lokaci. Tana busar da baki, tana sa zuciya bugawa da sauri, ido ya yi hazo na ɗan lokaci, don haka kar ki tuƙa mota sai ganinki ya dawo daidai. Mai hawan jinin ido ko ciwon zuciya ya faɗa tun kafin a yi. Ta biyu gadoliniyam ce, ana tura ta ta jijiya ana tsakiyar hoton. Wurin da ke da kumburi jini ya fi zuwa masa, sai ya haska fiye da maƙwabtansa. Ƙoda ce ke fitar da ita, shi ya sa muke tambayar lafiyar ƙoda, kuma mai ciki ba a cika yi mata ita ba.

Game da tsoronki, ƙanwata: ramin injin a buɗe yake gaba da baya, akwai haske da iska a ciki, kuma za mu ba ki wata 'yar roba a hannu, kina matsawa za mu ji. Sau da yawa rub da ciki muke kwantar da mutum, wanda hakan ma taimako ne ga mai tsoro tunda ba rufin yake kallo ba. Minti 30 zuwa 45 ne. Ƙara kam akwai ta, kamar ana dukan ƙarfe a kusa da kunne, za a ba ki abin toshewa. Ki kira su tun yau ki faɗi zancen tsoron, wani lokacin likita kan rubuta ɗan maganin kwantar da hankali. Ki kuma faɗa musu zancen aman nan da ɗaurewar ciki, domin wanda hanjinsa ya tsuke ba lallai ya iya ɗaukar ruwan duka ba, akwai yadda ake sassauta masa.

Abu ɗaya da ba ma wasa da shi shi ne ƙarfe. Maganaɗisun injin ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake. Mai na'urar bugun zuciya, mai na'urar ji da aka dasa a kunne, mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, duk sai an tantance kafin su ƙetare ƙofa.

Maman Saurayi:

Malam mai hoto, Allah ya saka da alheri, da na samu wannan bayanin tun farko da ban kwana ina kuka ba. Ɗana yana shekara 14 aka gano nasa. Ba ma ciwon ciki ne ya kai mu ba, ramewa ce da rashin tsawo, ƙannensa suna neman wuce shi. Na tambayi likitar yara me ya sa ba za a yi CT, wani nau'in hoton cikin jiki, ba tunda cikin 'yan mintoci ake gamawa. Ta ce min, Hajiya, wannan ciwo ne na tsawon rai, yaron nan zai sha hoto ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. CT da hasken eksire yake aiki, kuma abin taruwa yake a jiki, shi kuwa MRI babu wannan hasken sam. Sai an shiga gaggawa ake komawa CT.

Dabarar da ta yi mana amfani: kwana uku kafin ranar muka riƙa gwada riƙe numfashi a gida. Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ni ina ƙirga masa har ashirin, ƙanwarsa tana buga murfin tukunya wai ita ce injin. Ranar da ya fito cewa ya yi ai ƙarar ƙanwarsa ta fi damunsa.

Direban dare:

Ni nawa ɓaci ya yi, ba kuma laifina ba. Na shanye ruwan tas a kan lokaci, sai aka shigo da wani na gaggawa aka sa shi gabana. Ban ji haushin wannan ba, rai ya fi komai. Abin da ya ƙona min rai shi ne babu wanda ya leƙo ya ce min uffan. Na yi sama da awa ɗaya a kan benci, na shiga banɗaki sau biyu, ruwan duk ya gangara babban hanji. Da sakamako ya fito aka rubuta cewa ƙaramin hanji bai buɗe yadda za a yanke hukunci ba. Haka na sake yin azumin awa shida, na sake shan jug guda. Don haka in kin gama sha aka bar ki zaune, kar ki ji nauyin kowa, ki tashi ki yi magana.

Malamar lissafi:

Ƙanwata, alamominki irin nawa ne sak, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Hanjina ya tsuke a ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babba, wurin da cutar nan ta fi son zama. Tambayar da likitoci suka tsaya a kai ita ce: tsukewar ta kumburi ce ko ta tabo? Ban gane muhimmancinta ba sai da likitan ya juyo min da allon kwamfuta. Ya nuna min wani yanki, ya ce kin ga bangon nan ya yi kauri kuma ya yi fari, ruwa ne ya taru a cikin naman, wannan kumburi ne mai rai. Ya nuna min jijiyoyin jini a jere a gefen hanjin kamar haƙoran matsefi, ya ce su ma shaida ne. Kumburi magani na iya sauke shi. Tabo kuwa nama ne da ya riga ya ƙandare, ko tulin magani aka sha ba zai saki ba, sai a buɗa shi da balan-balan in gajere ne kuma kyamara na kai wa gare shi, ko a yi aiki.

Aka sa ni a kan infliximab, maganin sauke kumburi da ake ba ni ta ƙarin ruwa. Wata shida na ji garau, na yi ƙiba, har na fara tunanin me zai sa in ci gaba da zuwa ƙarin ruwa. Da aka maimaita hoton sai ga farin ya ragu sosai, amma tsukewar na nan, kuma hanjin da ke bayanta ya fara buɗewa saboda abinci na cin karo. Ashe duka biyun ne a wurin, kumburi a kan tabo, kuma likitan ya ce hakan aka fi gani, hoton ma ba ya iya raba su dalla-dalla. Ƙarshenta an yanke ɗan wurin. Ban ce naki haka zai kasance ba, Allah ya sa kumburi ne zalla. Amma ni dai da jin daɗin jikina na bi, da sai hanjin ya toshe tsakar dare za a kwashe ni.

Baban Tagwaye:

Malama, ni ma abin da ya sa na fi son MRI ke nan. Da za a bar ni da zaɓi da na daina leƙen kyamara gaba ɗaya, wankin cikin da ake yi kafinsa ya fi jug ɗin nan azaba sau goma.

Dattijo mai ritaya:

Baban Tagwaye, a nan kam ban bi ka ba. Ni nawa gyambon babban hanji ne, ba Crohn ba, shekara 19 ina tare da shi, kuma sau ɗaya tak aka taɓa yi min MRI. Nawa a fatar cikin hanji yake, daga dubura ya hau sama, kyamara na ganinsa ƙuru-ƙuru. Naku ne ke cin bangon gaba ɗaya yana tsallake wuri ya kama wani, yana ɓuya a ƙaramin hanji mai tsawon mitoci inda kyamarar ƙasa ba ta shiga sai ɗan bakinsa. Kuma hoto ba ya tsakuro nama. Mu da muka daɗe da ciwo a babban hanji ana leƙa mu lokaci-lokaci saboda gudun sankara, wannan kuwa ba aikin MRI ba ne.

Mai ɗakin hoto:

Baba Dattijo ya yi gaskiya. Ƙananan gyambuna na sama-sama kan kuɓuce wa MRI, kyamara ce ke kama su. Akwai kuma tarin fuka na hanji, wanda ke kama wuri ɗaya da Crohn har hotunansu su yi kama. Shi ya sa ba a yanke hukunci da hoto kaɗai, sai an haɗa da nama, da gwajin jini, da gwajin bayan gida na kalfurotektin mai nuna kumburin hanji, kuma ake binciken tarin fuka kafin a fara magani irin na Malama. Wanda MRI ya gagare shi kuma akwai sikanin na hanji, irin wanda ake yi wa masu ciki. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya, aka wallafa a 2018, ya gwada su biyun a kan mutum 284: wajen gano akwai ciwo a ƙaramin hanji MRI ya kama kashi 97 cikin ɗari, sikanin 92, wajen gano iyakar inda ciwon ya kai kuma 80 da 70. Tazarar ba ta kai yadda mutane ke zato ba, sai dai sikanin ya dogara ƙwarai da gwanintar hannun mai yi.

A sakaya sunana:

Nawa na kunya ne amma zan faɗa ko wani zai amfana. Maruru ne ya riƙa fito min a gefen dubura, ya fashe ya warke ya dawo, kusan shekara ina ɓoyewa ina cewa basir ne. Ashe ciwon ne ya haƙa ɓarauniyar hanya daga hanji zuwa fata. MRI na ƙugu aka yi min, wannan babu shan jug, kwanciya ce kawai. Hoton ya nuna hanyar ta yi reshe biyu, da wata 'yar mugunya a ciki da hannun likita bai taɓo ba. Da shi likitan fiɗa ya san inda zai bi ba tare da ya taɓa naman da ke riƙe bayan gida ba, ya zura zare a ciki don ruwan ya riƙa fita. Bakin ya rufe daga waje tuni, amma an ce sai hoto ya nuna cikin ya bushe kafin a yi zancen rage magani.

Ƙanwarku:

Na dawo 'yan uwa, an yi jiya. Na kira su tun Litinin kamar yadda Malam mai hoto ya ce, suka ce in sha iya abin da zan iya a hankali. Na kai lita ɗaya da ɗan ɗori, kofi na ƙarshe ya gagara, na faɗa musu gaskiya suka ce ya isa. Rub da ciki aka kwantar da ni, na rufe ido tun kafin gadon ya motsa ban buɗe ba sai da ya fito. Sau ɗaya na matsa robar, lokacin da sanyin allurar ya bi hannuna na firgita, matar ta yi min magana ta lasifika na natsu. Baban Tagwaye, zancen banɗaki ba ka yi ƙari ba ko kaɗan.

Sakamako sai mako mai zuwa. Malama, don Allah in takardar ta fito zan turo miki kalmomin da ban gane ba kafin ranar ganin likita. Kuma wai hazon idon nan, ku awa nawa ya yi muku? Ni sai da na kusa isa gida kafin na iya karanta saƙo a waya.